Bugun zuciyar da yake zuwa ya ɓace: abin da ya same mu ranar aikin maƙoƙon Hajiya

Ni nas ne mai ba da maganin barci a tiyata, shekara 11 ke nan ina wannan aikin a nan Jos, kuma wannan lamarin da zan rubuta ya daɗe yana cina a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in baje shi yanda ya faru saboda abokan aiki da ɗalibai, har ma da masu jinya da suke kawo iyayensu a yi musu aiki. Na nemi izinin matar da 'yarta, sunanta ba zai fito ba, asibitin ma haka. Hajiya kawai zan ce.

Shekararta 54, nauyinta kilo 68, tana da maƙoƙo da ya kai shekara takwas yana girma a hankali, ɓarin dama ya fi, har ya fara takura mata in ta kwanta rigingine. Gwajin jinin maƙoƙon ya nuna ba mai guba ba ne, sinadarin yana daidai, ba irin wanda yake sa rama da rawar hannu da bugun zuciya da sauri ba. Tana da hawan jini, tana kan amlodifin 10 kullum. An sa mata ranar aiki a Disamba, an yi duk gwaje-gwaje, ECG, wato gwajin layin bugun zuciya, lafiya lau, fotasiyom, gishirin jinin da bugun zuciya ya dogara da shi, 3.9, ƙoda lafiya, jini ya isa. Sai aka ɗaga aikin saboda ba a kammala haɗa jinin ajiya ba, aka sake ɗagawa, har sai cikin Janairu. Wato ranar da ta shigo tiyata takardar gwajinta ta yi sati uku da kwana biyu. A riƙe wannan.

Daren jajibiri na je wajenta a ɗakin kwanciya kamar yanda muka saba. Awon jini 148/90, bugu 84 kuma na ji shi daidai a hannuna na kusan rabin minti, ba tsallake. Na duba buɗewar baki da wuya, na ce Hajiya akwai wani magani da kike sha bayan na hawan jini? Ta ce a'a ɗan nan, ga shi nan shi kaɗai ne, ta nuna min kwalin. Na ce akwai abin da yake damunki? Ta ce ba komai sai faɗuwar gaba, kuma ai dole, mutum za a yanka masa wuya. Muka yi dariya, na kwantar mata da hankali, na rubuta cewa ta dace da aiki na tafi.

Da safe sanyin Jos na Janairu kun san shi, garin da yake sama da mita 1,200 a kan tudu ga hunturu, ɗakin tiyatar ma kamar firji. Ƙarfe 9:20 muka fara. Fentazosin na rage zafi 30, furofofol na sa barci 140, sakis na sakin tsoka 100, na sa bututun numfashi ba wahala, sannan fankuroniyom 6, shi ma na sakin tsoka, na kunna halotan, maganin barci na shaƙa, kashi 1 cikin ɗari da oksijin. Monita ɗinmu yana nuna ECG da oksijin na jini da awon jini, amma ɓangaren da yake auna iskar kabon da mutum yake fitarwa ya lalace tun bara ba a gyara ba. Lokacin sa bututu na ga bugun shisshigi guda uku ko huɗu, irin faffaɗan nan da suke tasowa daga ɗakunan ƙasa na zuciya kafin lokacinsu, suka wuce. Ban damu ba, gaskiya, don wannan muna ganinsa kusan kullum, taɓa maƙogwaro yana tayar da adirenalin ɗin jiki, minti ɗaya ya lafa.

Ƙarfe 9:40 likitan fiɗa ya yi wa fatar wuyan allurar ruwan gishiri mai adirenalin don rage zubar jini, 1 cikin 200,000, mil 20. In ka lissafa maikirogiram 100 ke nan, kusan ɗaya da rabi a kowane kilo nata, bai wuce ƙa'idar da aka koya mana ba ta cewa da halotan kar a haura maikirogiram 100 cikin minti 10, amma fa a bakin iyakar yake. Ya faɗa min kafin ya yi, na ce bismillah. Minti uku bayan nan sai sautin oksimita, 'yar na'urar yatsa mai auna oksijin da bugu, ya canza. Wanda ya daɗe a tiyata da kunne yake fara gani, ƙit ƙit ƙit ɗin nan da ka saba da shi sai ka ji ya zama ƙit, shiru, ƙit, shiru. Na ɗaga kai, ECG yana ƙirga 96 oksimita yana ƙirga 48, rabi cif. Bugu ɗaya mai kyau ɗaya na shisshigi, ɗaya mai kyau ɗaya na shisshigi, abin da muke ce wa bajemini. Dalilin bambancin lambobin kuwa shi ne bugun shisshigin yana zuwa tun zuciya ba ta cika da jini ba, wutar lantarkin ta nuna a ECG amma jinin da ya fita bai isa ya kai yatsa ba.

Na tura ɗalibar da take tare da ni ta kira Cif, likitan barci da yake duba ɗakuna uku ranar, kafin ya ƙaraso abun ya ɓace, daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka. Ya zo ya tarar da layi tsaf, 88, awon jini 126/78. Wannan shi ne masifar irin wannan matsalar mai zuwa ta tafi, kai kaɗai ka gani, wanda ya zo daga baya sai dai ya yarda da bakinka. Likitan fiɗa ya ce ƙila dayatami ne, na'urar ƙona jijiyoyin jini, don tana hargitsa layin ECG sosai. Na ce Oga ba ka taka ta ba lokacin, kuma dayatami ba ta raba bugun oksimita biyu. Cif ya ce in rage halotan zuwa 0.6, in sa ido, in ya dawo in ɗauka da waya. Shawarar ɗauka da wayar nan ta yi mana rana daga baya.

A aikin maƙoƙo hannuwan mara lafiya a naɗe suke a jikinsa ƙarƙashin zannuwa, kai kuma likitoci sun mamaye, don haka na zagaya ta ƙafa na sa yatsa a jijiyar bayan ƙafarta na bar shi a nan. Wajen 9:55 bugun ya faɗi daga 86 zuwa 44 lokaci ɗaya, amma wannan karon siririn layi ne mai tsari, ba shisshigi. Na leƙa na ga mataimakin likita ya danna ƙarfen ja can gefen wuya daidai inda babbar jijiyar jini take rabuwa biyu, wajen da yake da ma'aunin hawan jini na jiki, in an danna shi jijiyar begas sai ta taka wa zuciya birki. Na ce dan Allah a sassauta ƙarfen nan, ya sassauta, cikin daƙiƙa goma ta koma 80. Atirofin, maganin da yake ƙara gudun zuciya, yana hannuna a zuƙe ban ba da ba, kuma na ji daɗin hakan, don zuciyar da take shisshigi in ka ƙara mata gudu ba ka san inda za ta tsaya ba. Na kawo wannan ne don a ga cewa a aiki ɗaya aka samu rikicewa iri biyu masu sanadi daban, kuma na biyun bai da alaƙa da ainihin labarin.

Ainihin labarin ya dawo 10:05, kuma ya dawo da muni. Shisshigin ba kama ɗaya ba yanzu, wani ya kalli sama wani ƙasa, alamar daga wurare daban-daban suke tasowa, sai bibbiyu a jere, sai ga guda shida a jere da gudu suka tsaya da kansu. Awon jini 92/55. A ƙafarta na ji bugun ya ɓace ya dawo. Na ce Oga a dakata, ya ɗaga hannu nan take, Allah ya saka masa, bai yi musu ba. Ɗalibar ta ɗauki bidiyon monita, wani ya ruga kiran Cif, aka jawo na'urar shokin kusa.

Na kashe halotan gaba ɗaya, oksijin zalla, na buɗe shi lita 8. Na saurari ƙirji dama da hagu don in an miƙar da wuya bututu yakan motsa, iska tana shiga daidai, oksijin 98. Na taɓa gwangwanin soda layim, garin nan da yake tsotse kabon daga numfashi, na ji shi da sanyi, alhali in yana aiki ɗumi yake yi, kuma fiye da rabinsa ya canza launi, ba kwanan wata a jiki da zai nuna yaushe aka zuba. To ga halotan, ga adirenalin, ga kabon da wataƙila ya taru, ukun nan su ne tsohon labarin da duk littafin maganin barci yake gargaɗi a kai. Halotan tun 1956 aka fara amfani da shi a Mancesta ta Ingila, kuma tun zamanin aka gane yana sa tsokar zuciya ta zama mai saurin harzuƙa da adirenalin, da isofuluren, wani maganin barcin na shaƙa, sai an ba da adirenalin kusan ninki uku kafin a ga irin haka. Ƙasashe masu kuɗi sun daɗe da ajiye shi, mu araha ce ta riƙe mana shi. Aka canza soda layim, na ci gaba da riƙe barcinta da furofofol kaɗan-kaɗan kafin a kawo kwalbar isofuluren daga ɗakin da yake kusa, Cif ya iso ya kalli bidiyon ya ce a ba lidoken 100 ta jijiya don kwantar da shisshigin. Muka auna zafin jiki, 35.4, sanyi ma take ji, wannan ya rage mana tsoron abu biyu masu kisa, guguwar maƙoƙo, wato sinadarin maƙoƙo ya yi wa jiki yawa lokaci ɗaya, da kuma zazzafan zazzaɓin nan da halotan da sakis suke tayarwa a wasu masu gadonsa, dukkansu zafi suke kawowa da gudun zuciya mara sauka, ita kuwa ba ta da ko ɗaya, muƙamuƙinta ma bai sandare ba lokacin sakis. Suga 6.1. Muka ƙara mata barguna, aka ɗumama ruwan drip.

Layi ya koma daidai. Kowa ya yi ajiyar zuciya, aka ce shikenan halotan ne, a ci gaba. Ni ma haka na ɗauka.

Minti 15 sai ga shi kuma. Ba halotan, adirenalin ɗin ya yi kusan minti 45 da shiga, soda layim sabo, barcinta da nauyi, ba wanda yake jan komai. Bajemini na minti ɗaya, ya tafi, ya dawo. A nan ne Cif ya matso da fuskarsa dab da monita ya ce in ƙara girman layin in tsayar da shi, bai kalli shisshigin ba sam, bugun masu kyau da suke tsakani ya kalla. Ya ce duba nan, tudun T, wanda yake biyo bayan kowane bugu a layin, ya kwanta, kuma ga wani ɗan tudu a bayansa. Tudun U ke nan, alamar ƙarancin fotasiyom. Ya ce fotasiyom ɗinta nawa? Na ce 3.9. Ya ce na yaushe? Na buɗe fayil na ga kwanan watan, na yi shiru.

Aka ɗebi jini aka ba masinja ya ruga lab da ƙafa, muka kira su a waya muka ce na kan tebur ne. Kafin sakamako ya fito Cif ya ce a kawo magniziyom salfet daga ɗakin haihuwa, wanda suke ba masu jijjiga, giram 2 a hankali cikin minti 15, don duk abin da yake zubar da fotasiyom yakan tafi da magniziyom tare, kuma in magniziyom ya yi ƙasa ko ka zuba fotasiyom ƙoda zubar da shi take yi. Ya kuma ce in rage yawan numfashin da nake ba ta. Wannan kuskurena ne kuma zan faɗe shi, tunda na zargi kabon sai na dinga hura mata iska da yawa ba ma'auni a gabana, shi kuwa wanke kabon fiye da kima yana juya jini ya tura fotasiyom cikin ƙwayoyin jiki, na cikin jinin ya ƙara raguwa. Mai yiwuwa dawowar ta uku da hannuna a ciki. Da na'urar kabon tana aiki da na ga lambar, 35 zuwa 45 ake so, da ban yi ta lalube ba.

Minti 40 sakamakon ya ɗauka. 2.6. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0.

Muka sa fotasiyom kulorayid milimol 20 cikin ruwan gishiri mil 500, a tafi da shi awa biyu, wato 10 a awa, ta babbar jijiyar hannu. Ba a cikin ruwan suga ba, don suga yana tayar da insulin shi kuma ya ƙara tura fotasiyom ciki. Kuma dan Allah ɗalibai, fotasiyom ba a taɓa tura shi kai tsaye da sirinji, tsayar da zuciya yake yi nan take, duk gaggawar da ake ciki.

Sai maganar a ci gaba ko a rufe. Wuya a buɗe, ɓarin dama an riga an ɗaure jijiyoyinsa na sama an ɗago shi rabi, barinsa haka ma haɗari ne na zubar jini. Cif da likitan fiɗa suka yi magana ta minti biyu suka tsaya a kan a cire na daman da yake danne mata maƙogwaro, a bar na hagun da ƙullutansa ƙanana ne, a rufe. A ganina daidai suka yi. Bayan magniziyom ɗin ya shiga shisshigin ya koma ɗaya-ɗaya jefi-jefi, ba a sake jerawa ba. Farkawarta ta ɗan ja lokaci don magniziyom yana ƙara wa maganin sakin tsoka ƙarfi, muka jira sai da ta fara motsi da kanta sannan na ba niyostigmin 2.5, mai warware maganin sakin tsoka, da atirofin 1.2 a hankali ido a kan monita, 12:35 na cire bututu tana buɗe ido tana ɗaga kai, muryarta ta fita.

Da yamma na sami babbar 'yarta a baranda na ce Hajiya ta yi gudawa ko amai kwanan nan? Ta ɗan yi jim, ta ce ai wankin ciki ta yi. Wata maƙwabciya ce ta ce mata ba a shiga tiyata da dattin ciki, ta jiƙa mata filasko, kwana uku tana sha tana zagayawa, har daren da aka kwantar da ita. Na ce sai me kuma? Ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar leda da ƙananan ƙwayoyi farare, ta ce wannan na kumburin ƙafa ne, a kemis aka ba ta bayan an ɗaga aikin farko. Lasix ne, maganin fitsari, 40, kullum ɗaya, kwana 18. Kun ga yanda abun ya ƙullu, amlodifin ɗin da take sha shi ne yake kumbura ƙafa, sanannen abu ne, mai kemis ya ga kumburi ya ba da maganin fitsari, maganin fitsari ya yi ta zubar da fotasiyom da magniziyom, filasko ya zo ya kwashe sauran ta hanji, ga azumin daren aiki a kai. Duk wannan bayan an riga an yi gwajin da na dogara da shi.

Washegari na zauna gefen gadonta na ce Hajiya me ya sa ba ki gaya min ba? Ta ce ɗan nan kai magani ka tambaya, filasko ai jiƙo ne ba magani ba, na ƙafar kuma ba na asibiti ba ne na ɗauka ba shi kake nufi ba. Can kuma ta ce, kuma gaskiya na ji tsoro kar in ce ina gudawa ku sake ɗagawa, sau biyu ana mayar da ni gida, yaran nan sun gaji da kashe kuɗi. Ta ce kwana biyu kafin nan ƙafafunta sun yi nauyi, in ta tsuguna tashi sai da dafa bango, ga damƙar jijiya da dare, faɗuwar gaban ma ba ta tsoro kaɗai ba ce, ji take kamar zuciyar ta tsallake. Wallahi maganar nan ta tsaya min. Ta gaya min faɗuwar gaba da bakinta, ni na fassara mata ita da tsoro, na ji bugunta rabin minti na ce lafiya, alhali abin da yake zuwa ya tafi rabin minti ba ya kama shi.

A taron da muka yi kan lamarin yawancin mutane a kan halotan suka tsaya, a daina halotan shikenan. Ban ƙi ba, ni ma zan so a ce isofuluren ne a kowane ɗaki, kuma yanzu duk aikin da za a sa adirenalin ba na kunna halotan in akwai yanda zan yi. Amma na yi aikin maƙoƙo da halotan da wannan adirenalin ɗin sau ba adadi ban ga haka ba, kuma nata ya dawo bayan an kashe shi. Da mun tsaya a bayanin farko da mun kai ta ɗaki da 2.6 ba mu sani ba, dare ya yi ba monita a kanta. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan fiye da abin da ya faru a tiyatar. Wani abokin aiki ya ce me ya sa ba mu ba amiyodaron, maganin rikicewar bugun zuciya, ba tun farko, na ce a zuciyar da fotasiyom da magniziyom suka yi ƙasa amiyodaron yana ƙara tsawaita lokacin da take sake shiri tsakanin bugu da bugu, daga nan ake faɗawa mummunan nau'in rikicewar bugun nan mai murɗawa, maganinsa kuma magniziyom ɗin ne dai.

Ta kwana biyu a ɗakin kulawa da monita. Fotasiyom 3.2 da safe, 3.9 a rana ta uku, aka koma na baki da abinci, ayaba, lemu, dankalin turawa da tumatir, abubuwan da Jos ba ta rasa ba. Kalsiyom ɗinta, wanda yakan faɗi bayan aikin maƙoƙo, bai faɗi ba. Likitan zuciya ya yi mata hoton zuciya ya ce tsokar lafiya, ya ɗaura mata holta, 'yar na'urar da take naɗar bugu awa 24, ba a ga komai ba sai shisshigi 'yan kaɗan irin na kowa. Ya tsayar da Lasix, ya rage amlodifin ya haɗa mata da wani, kumburin ƙafar ya sauka da kansa.

Abin da na canza a aikina kaɗan ne. Duk wanda gwajin gishirin jininsa ya wuce sati, ko aka taɓa ɗaga masa aiki, ko yana da hawan jini, sai an sake kafin in sa hannu, in an ce kuɗi in ce na gwajin bai kai na kwana ɗaya a ɗakin kulawa ba. Na daina cewa kina shan magani, yanzu ɗaya bayan ɗaya nake bi, jiƙo fa, sassaƙe fa, tsimi, na basir, na shawara, na kemis, na maƙwabta, an yi wankin ciki, kuma ina fara gaya musu cewa faɗar gaskiya ba lallai ta sa a ɗaga aiki ba, sau da yawa gyara ne na kwana ɗaya. Ina ce wa 'yan uwa su kawo ledar magungunan gaba ɗaya in gani da idona. Wanda ya ce min gabansa yana faɗuwa sai na riƙe hannunsa minti biyu cur na kuma sa an sake ECG. Gwangwanin soda layim kuma filasta nake manna masa in rubuta ranar da aka zuba.

Hajiya ta dawo bayan sati shida, tabon ya kwanta a cikin layin wuya, tana barci rigingine. Ɓarin hagun ana bin sa da hoto duk wata shida, in ya girma za a sake shiga, kuma na rubuta da jan biro a bangon fayil ɗinta abin da ya faru da lambar 2.6 da kwanan wata saboda duk wanda zai ba ta barci nan gaba. Takardar neman gyaran na'urar kabon kuwa na sake rubuta ta na haɗa da bidiyon monitan, Cif ya sa hannu, muna jira.